Hura gashin ƙirjinsa ka gani

Ka tambaye ni me ya sa tsuntsaye biyu za su faɗa raga ɗaya cikin ragogin da muke kama su don awo da sa musu zoben shaida a ƙafa, girmansu ɗaya, amma wannan ya ƙetare Sahara, wancan ya tsufa a kurmin da aka ƙyanƙyashe shi. To yaro, da abin da ke hannunka kake kallo ba waya ba, da ka hutar da ni.

Kwantar da shi rigingine a tafinka, ka hura gashin ƙirjin. A ɗan ramin nan na ƙasan wuya za ka hango kitse rawaya-rawaya ta cikin fata. Maki muke ba shi, daga 0 zuwa 8. Mazaunin wuri kaɗan yake tarawa. Mai shirin tafiya kuwa ramin zai cika ya tumbatsa har ya rufe ciki. Cikin ƙananan masu cin ƙwari na Turai, akwai mai giram 18 da ke haura 30 kafin ya tunkari hamada. Kitse ne guzurinsa saboda a bushe jiki ke ajiye shi, tsoka kuwa da ruwanta ake ɗauka, har ƙarfin giram ɗaya na kitse ya ninka nata wajen sau takwas.

Kuma ba yunwa ke korarsa ba. Tsawon yini ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, sinadaran jiki su motsa, ya hau ci ba ji ba gani. Ko a keji yake, abinci har wuya, lokaci na yi zai kwana yana tsalle yana kaɗa fukafukai. Peter Berthold, wani masanin tsuntsaye a Jamus, ya haɗa wani ƙaramin tsuntsu da ake kira mai baƙar hula barbara, matafiyi da mazauni, 'ya'yan suka fito tsaka-tsaki a wannan rashin barci. Gado ne.

Saura a fili yake. Fiffiken matafiyi dogo ne mai tsini, na mazauni gajere mai faɗi. Tsokar ƙirjin mai dogon tashi ja ce, cike da jijiyoyin jini, ta fakara kuwa fara, ta fir ɗaya ce ta faɗa ciyawa. Wasu ma hanji da hanta suke ragewa dab da tashi, zuciya ta ƙaru. Da irin wannan jiki wani tsuntsu mai dogon baki na bakin teku ya tashi daga Alaska a 2022, bai sauka ba sai Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11.

Yanzu ga abin da tambayarka ta tono mini. An yi wani yaro kafin kai, mai rawar kai, wai ya iya. Aka bar masa sikeli kaka guda cur, daidai lokacin da matafiya ke tara kitse. Tsuntsu a jakar yadi ake auna shi, sannan a auna jakar ita kaɗai a cire, wannan ko makaho ya sani. Shi gogan naka sau ɗaya ya auna jaka, ranar farko, ya riƙa cire wannan lambar kullum. Jakunkuna ba nauyinsu ɗaya ba, ga raɓar asuba ta jiƙa wasu, ga kashin tsuntsu a ciki. Sa'a ma bai rubuta ba, alhali ƙaramin tsuntsu nauyin safe daban, na yamma daban. Makin kitse kuwa da ka yake cikawa, bai hura ko ɗaya ba. Da aka zo duba littafi, sai ga mazauna sun fi matafiya ƙiba! Zobba sun tafi a ƙafafu, tashin asuba na watanni ya bi ruwa, ba layi ɗaya da za a amince da shi. Da aka yi masa magana, cewa ya yi ai bambancin kaɗan ne. Kaɗan, a jikin da bai kai giram 20 ba.

Gobe kai za ka riƙe sikeli. Kowane tsuntsu, auna jakarsa bayan ka sake shi, rubuta sa'a, nauyi har ɗigon giram, kuma in ji hurawarka daga inda nake zaune.