Malo mai raga ko mai ruwan ɗorawa: amsa ga mai shirin noman rani

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da hekta ɗaya a fadama, ka saba da noman kankana, bana kana so ka gwada malo, mai sayar da iri kuma ya jera maka fakiti iri-iri kowanne da hoton ɗa mai ban sha'awa, shi ne kake tambaya wanne ya fi zuba 'ya'ya, wanne ya fi zaƙi. Na ga 'yan'uwa sun riga sun ambata maka sunaye. Ni kam ba zan yi saurin kama suna ba, domin akwai abin da ba ka faɗa mana ba: wa zai sayi kayan, kuma kwana nawa za su yi tsakanin gona da wuƙar mai yanka? Na daɗe ina wannan noma a ƙasar Kano, kuma abin da na gani shi ne irin da ya fi cika gona ba lallai ne shi ke cika aljihu ba.

Abin da muke haɗawa mu kira malo gida biyu ne. Akwai mai santsin ɓawo, ruwan ɗorawa, cikinsa fari, wanda ake jibgewa a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa da kuma bakin titi. A fakiti za ka ga an rubuta Canary ko Jaune Canari. Honeydew ma ɗan gidansu ne. Sai kuma mai ɓawo mai raga, yawanci cikinsa ruwan goro, mai ƙamshi, wanda Turawa ke ce wa kantalop. Bambancinsu ya wuce launi. Mai raga idan ya fara nuna yakan fitar da irin iskar nan da ke nunar da ayaba da mangwaro, ita ke kawo masa ƙamshi, ita ce kuma ke sa shi laushi da wuri. Mai ruwan ɗorawa ba ya fitar da ita sosai, shi ya sa ba shi da ƙamshin kirki, amma sai ya yi mako biyu ko fiye a inuwa bai ce komai ba. Duk wata muhawarar iri daga nan take tasowa.

Hale's Best shi yawancinmu muka fara sani cikin masu raga. Tsohon iri ne, tun shekarun 1920 ake nomansa a Kalifoniya ta Amurka, irinsa da araha, kuma kana iya ajiye na baɗi daga gonarka idan ba ka shuka wani malo kusa da shi ba. Ɗanɗanonsa ba laifi, ƙamshi kuwa kana shiga gona da safe zai tarye ka. Matsalarsa biyu. 'Ya'yan ba sa zuwa kai ɗaya, wani babba wani ƙarami a yaɗo guda, dillali kuma da wannan yake karya maka farashi. Sannan ba ya jure tafiya. Wanda ka cire ya nuna sosai, a zafin Maris ko Afrilu, kwana uku zuwa huɗu gindinsa ya fara ruwa.

Charentais na Faransa ya fi shi zaƙi da ƙamshi, ƙarami ne, da ƙyar yake wuce kilo ɗaya. A ganina babu malon da ya kai shi daɗi a baki, babu kuma wanda ya kai shi ba manomi ciwon kai. Ka ƙara masa ruwa kaɗan a makon nuna, washegari ka tarar ya tsage daga ƙasa, tururuwa sun riga ka. Mutanenmu kuma a kasuwa girma suke saye, idan suka ga ƙaramin ɗa sai su ɗauka rashin taki ne. Wannan irin na wanda yake da otal ko babban kanti a hannu ne.

Galia an fitar da shi a Isra'ila a 1973. Ɓawonsa raga ce, idan ya nuna sai ya koma ruwan ɗorawa, amma cikinsa kore-kore ne. Yana son zafi da busasshiyar iska irin tamu, shi ya sa manoman Sudan suka yi ta nomansa suna kai wa Turai. Yana zuba 'ya'ya da kyau, sun kuma fi na Hale's Best daidaito. Abin da na fi so game da shi, launi yana gaya maka ranar cira, ko yaron da bai saba ba zai gane. Ananas, wanda shi ma Sudan da ƙasashen Larabawa suka sani sosai, dogo ne, cikinsa fari mai laushi da ruwa, ga ƙamshi. A ci a gida ko a sayar a garin da ke kusa, madalla. A ɗora shi a mota zuwa Legas, sai dai a yi wa mai kaya jaje.

Sai sababbin irin F1, wato irin da kamfani ke samarwa ta haɗa iyaye biyu daban, da aka ƙirƙira don doguwar tafiya, irin su Caribbean Gold na kamfanin Rijk Zwaan. Irin wannan rukuni ne Guatemala da Honduras ke lodawa a jirgin ruwa zuwa Amurka lokacin sanyi. Tsokarsa da tauri, zaƙinsa yana da yawa, ƙamshi kaɗan. Amma fa yana da wata dabara: ba ya sakin yaɗo da kansa, launinsa kuma ba ya canzawa sosai, don haka wanda bai saba ba sai ya cire shi ɗanye. Da wuƙa ake yanke shi, bayan ka ga ragar ta hau har kan mariƙin kuma ganyen da ke kusa da ɗan ya fara bushewa. Athena na Syngenta shi ma F1 ne, manyan 'ya'ya, yana tsakanin tsohon iri da waɗannan masu tauri.

Yanzu maganar yawan amfani. Idan ka bar mita 2 tsakanin layi da layi, santimita 50 tsakanin tushe da tushe, hekta za ta ɗauki tushe 10,000. Kowane tushe mai lafiya 'ya'ya biyu zuwa uku na sayarwa yake riƙewa, sauran ko dai ya zubar da su ko su tsaya ƙanana. Wannan lissafin kusan ɗaya ne ga dukkan irin da na ambata. Inda suke rabuwa shi ne nauyin ɗa, da kuma guda nawa ke kaiwa kasuwa lafiya. Don haka idan wani ya ce maka iri kaza ya ba shi mota kaza, tambaye shi nawa aka ware a gona saboda tsagewa da hujin ƙuda, nawa kuma dillali ya ware a kasuwar Zuba ta Abuja ko Mile 12 ta Legas ya ce sun yi laushi. Na sha tsayawa a bakin mota ana sauke kaya, ina kallon yaran kasuwa suna danna gindin kowane ɗa da babban yatsa. Wanda ya lotsa sai a gangara shi gefe, tulin gefen nan kuwa rabin kuɗi ake saye, wani lokaci ma kyauta ake kwasa. Mai ruwan ɗorawa tulinsa na gefe kullum ƙarami ne. Da wannan ya ci kasuwarmu, ba da daɗi ba.

Zaƙi kuma, gaskiya rabinsa iri ne, rabinsa hannun manomi. Malo ba ya ajiye sitaci a cikinsa, saboda haka duk zaƙin da zai yi a jikin yaɗo yake yinsa, kuma mafi yawa a kwana goman ƙarshe. Bayan an cire zai yi laushi, zai ƙara ƙamshi, amma sukari ko ɗigo ba zai ƙaru ba. Mutumin da ya ga farashi ya tashi ya yi gaggawar cira, shi ne ke zuwa daga baya yana cewa irin ba shi da zaƙi. A tsofaffin masu raga alamar a fili take: za ka ga tsaga ta zagaye inda ɗan ya manne da yaɗo. Idan ka tura da yatsa ya fita sumul ya bar ɗan rami, ya nuna sarai, na kasuwar yau ko gobe ne. Idan rabi ya saki rabi ya riƙe, wannan ne na tafiya.

Ganye shi ke yin sukarin. Farar ƙurar nan da ke hawa ganye a rani, wadda ke farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, idan ta cinye gona mako biyu kafin nuna, za ka cire manyan 'ya'ya masu kyan gani amma salam. A nan irin F1 ke biyan kuɗinsa, domin da yawansu an sa musu juriyar wannan cuta da ta bushewar yaɗo da ke fitowa daga ƙasa. Ka juya bayan fakiti ka duba ko an rubuta PM ko Px, alamar juriyar farar ƙura, da kuma Fom, ta juriyar bushewar yaɗo. Idan babu, ka san feshi na jiranka. Ruwa ma haka: daga fure zuwa lokacin da ɗa ya gama girma kada ka bari ya ji ƙishi, amma da raga ta cika sai ka rage ban ruwa. Yuriya da yawa a ƙarshe ganye kawai take ƙarawa. Taki mai fotash shi ɗa ke buƙata a lokacin.

Akwai 'yar na'urar auna zaƙi da ake ɗiga wa ruwan ɗan itace a duba ta hasken rana, tana ba da lamba a ma'aunin Brix. A ƙa'idar Amurka kantalop mai daraja ta ɗaya sai ya kai 9, na musamman 11. A Turai an sa wa Charentais 10. Idan kana nufin sayar wa manyan kantuna, ka neme ta, domin mai karɓar kaya ba ya jayayya da lamba. Idan 'Yan Lemo za ka kai, harshenka ya isa.

Kada ka ɗauki maganata ko ta mai shagon iri a matsayin hukunci, ƙasarka ce za ta raba gardama. Ka ware gefe guda ka gwada iri uku ko huɗu, amma gwajin gaskiya. Rana ɗaya za ka shuka su, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Kada ka ba wani iri bakin rijiya ka kai wani can tudu. Ka jera su layi-layi, ka maimaita jerin a wurare biyu ko uku na gonar, ka kafa tsinke da suna a kan kowane layi, don bayan wata guda yaɗo zai haɗe ba za ka tuna ba. Duk ranar cira ka rubuta na sayarwa nawa, na zubarwa nawa. Sannan ka ɗebi biyar-biyar daga kowane iri ka ajiye a zaure, kullum ka danna ka gani wanne zai fara faɗuwa. Wannan gwajin zaure ya fi gaya mini gaskiya fiye da sikeli.

Lokacin shuka ma ya shiga lissafi. Kowa azumi yake hari, tunda a nan kayan marmari ke tsada. Yawancin waɗannan iri kwana 70 zuwa 90 suke yi a zafi. To amma azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara: na 2025 a farkon Maris ya kama, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu. Ke nan mai son ya cira a azumi yanzu sai ya shuka a ƙarshen Nuwamba ko Disamba, tsakiyar hunturu, malo kuwa ba ya son sanyi. Tsiro zai yi jinkiri, yaɗo zai tsaya cak, kwanakin da ke jikin fakiti ba za su yi daidai ba. Ka ƙara mako biyu a lissafinka, kuma ka raba shukar kashi biyu da tazarar kwana goma, don kada kayanka su fito rana ɗaya da na kowa.

Abu ɗaya da ke sa a zargi iri a banza shi ne ƙudan zuma. Malo ba ya ɗaukar ɗa sai zuma ta zagaya furensa, da safe kuma take aiki. Mai feshin darɓa ko farin ƙuda da hantsi yana kashe ma'aikatansa da hannunsa, daga baya ya ga fure na zuba, ko 'ya'ya karkatattu. Ka mayar da feshi yamma liƙis. Ƙudan da ke huda ɗa ya zuba ƙwai kuwa, ya fi samun masu laushin ɓawo tun suna ƙanana. Duk ɗan da ka ga ya huje ka tsince ka binne da zurfi, kada ka jefar a bakin gona.

Da ni ne da hektarka a shekarar farko, kuma ba ni da mai saye a hannu, kashi uku cikin huɗu mai ruwan ɗorawa zan shuka, tunda dillalai sun san shi, ko kasuwa ta faɗi yana iya jiran mako guda. Ragowar in raba tsakanin Galia da F1 guda mai jure tafiya, da layi biyu na Hale's Best don kwatance. Charentais da Ananas sai in bari sai na samu wanda zai karɓa a ranar cira. Irin F1 kuma kada ka ajiye 'ya'yansa don baɗi, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Ka duba ranar da aka rubuta a fakiti, ka kuma jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma ka ga nawa za su tsira kafin ka biya kuɗin hekta guda.

Ka faɗa mana garin da gonar take, ƙasar jigawa ce ko laka, da kasuwar da kake nufi. Idan laka ce mai riƙe ruwa, akwai maganar tsayin kunya da ya kamata mu yi kafin ka sayi iri. Allah ya ba da sa'a.