Amsa ga mai tambaya kan ritayar mahaifinta ma'aikacin reluwe

Salamu alaikum. Yata mai tambaya, kince baba yana aikin reluwe a Zariya tun farkon shekarun 90, saura shekara daya ya aje aiki, kina so ki san ko zai samu kudi dunkule irin wanda kawunki ya samu da kuma abinda ya kamata ku fara yi. Nima tsohon ma'aikacin tarayya ne na gama shekara 35 dina a 2019, to bari in fada miki abinda na gani da idona.

Da farko dan Allah kada baba ya dora lissafinsa akan na kawunki. Wadanda suka fita kafin karshen watan Yunin 2007 suna tsohon tsari ne, hukumar biyan fanshon tsohon tsari wato PTAD ke biyansu, tsofaffin yan reluwe ma can suke. Shi baba yana sabon tsarin da aka kawo da dokar 2004 lokacin Obasanjo, aka sake gyarata a 2014, wato ana cire kashi 8 cikin dari a albashinsa gwamnati ta kara kashi 10 a zuba a asusunsa na PFA, kamfanin da ke kula da kudin fanshonsa kenan. Tunda ya fara aiki kafin 2004 kudinsa kashi biyu ne, akwai wanda ya taru a asusun, akwai kuma hakkin shekarun baya da gwamnati zata lissafa ta tura masa, kuma wannan na biyun shine yake bukatar takardu su zama daidai.

Anan nake so ki bude kunne. Ni abinda ya rike ni wata da watanni ba komai bane illa suna da ranar haihuwa, a takardar daukar aiki an rubuta Mohammed, a katin dan kasa Muhammad, BVN kuma wata daya ya bambanta da na fayil dina. Ban taba daukarsa komai ba sai ranar da naje da ambulan dina na zauna akan benci tun safe, yarinyar ta duba kwamfuta tace baba bayananka basu hadu ba. Albashi ya tsaya, fansho bai fara ba, ga kudin makarantar yara biyu, wallahi har babur dina sai da na sayar. Da nayi gyaran nan ina bakin aiki da ban sha wannan wahalar ba. Saboda haka ki zaunar da baba wannan satin ku fito da takardar daukar aiki, ta tabbatar da shi a aiki, ta karin girma duka har ta karshe, takardar albashi, shaidar haihuwa, NIN da BVN, ku jera su akan tabarma ku karanta harafi harafi. Yaje PFA dinsa ya sabunta bayanai, kuma kar ya yarda tantancewar da hukumar fansho ta kasa wato PenCom keyi wa masu shirin ritaya ta wuce shi.

In kudi suka hadu zasu bashi wani kaso a dunkule, sauran ya zabi dayan biyu. Ko PFA ta rika yanka masa wata wata, in ta Allah ta kasance abinda ya rage na magada ne, ko ya mika wa kamfanin inshora su biyashi har karshen rai, amma su shekara 10 na farko kawai suka lamunce wa magada, in mutum ya rasu bayan nan iyali basu da komai. Daga PFA ana iya komawa inshora, daga inshora ba'a dawowa, shi yasa ni na tsaya a PFA saboda ina da kananan yara. Masu talla zasu yi ta kiransa a waya, kar ya sa hannu a fom din kowa sai yaga lissafin duka biyun a rubuce. In yana kyamar kudin ruwa ya tambayi PFA dinsa asusu na 6, shine wanda babu kudin ruwa a ciki.

Sannan in a kwatas kuke zaune ku fara neman inda zaku koma tun yanzu, kuma ku dan aje hatsi da abin cefane na wasu watanni. In akwai takardar da baku gane ba ki rubuto sunanta anan kawai, kar ki saka hotonta saboda yan damfara.