Kar ka taho da wannan hancin ba a duba shi ba

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun jiya, ina aikin dare ne shi ya sa sai yanzu. Barka da samun admishan, Allah ya sa albarka. Amma maganar da ka saka a ƙarshe kamar da wasa ita ta tsaya min a rai, wai wata bakwai hancinka na dama a toshe, wani lokaci da ɗan jini in ka fyace, kuncin ya ɗan tasa, kuma wai ka bari sai ka iso Ingila a duba ka da kyau. Dan Allah kar ka bari.

Ni nas ce a nan Ingila a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ba likita ba, kuma ba wanda zai gane ciwo ta waya, amma abu ɗaya da kowa a sashenmu ya haddace shi ne mura ba ta zaɓar gefe ɗaya ta zauna wata bakwai. A cikin ƙashin kuncin nan akwai wani kogo mai iska, ƙasansa na daf da saiwar turamen haƙoran sama, rufinsa kuma shi ne ƙasan ramin ido. To tunda fili ne, abu zai iya girma a ciki shiru ba zafi ba komai, sai ya cika wurin sannan ya fara tura haƙori ko ido ko ya leƙo hanci.

Ba ina ce maka kansa ba ce fa, kansar wannan wurin ba ta kai kashi 1 cikin 100 na dukkan kansa ba, kuma ta fi kama manya. A shekarunka an fi samun wani tsiro mai laushi da ke fitowa daga kogon ya zubo bayan hanci, a cire shi ta hanci da kyamara shikenan. Akwai wanda suke ce wa papiloma mai juyawa ciki, shi ba kansa ba ne amma ɗan naci ne, yana dawowa in ba a cire tushen ba, kaɗan daga ciki ma kan rikiɗe su zama kansa. Akwai na ruɓaɓɓen haƙori. Akwai kuma na funfuna, Aspergillus flavus, wadda dai ke ɓata gyaɗa da masara a rumbu, an daɗe da saninta a Sudan da Indiya da Saudiyya, wuraren zafi da ƙura, tana taurara a ciki har ta turo ido waje. Wannan ɗin likitan da ya yi aiki a ƙasa mai zafi ya fi saurin kawo shi a rai fiye da wanda bai taɓa barin nan ba.

Wani ɗan uwanmu haka ya yi, haƙorinsa na sama ya fara girgiɗi aka cire mishi a wani shago, ramin ya ƙi warkewa, in ya kurɓi shayi sai ya ji yana fitowa ta hanci, shi kuma yana ta dariya yana nuna wa yara. Sai da kuncin ya dindince kamar an yi mishi allurar kashe zafi sannan aka yi hoto. Ya samu lafiya alhamdulillah, amma aikin da za a yi ta hanci sai da aka yanka ta ƙarƙashin leɓe.

Yanzu batun nan ɗin. Gwajin tibi da za ka yi don biza na ƙirji ne kawai, ba ruwansa da kuncinka. Kuɗin lafiya na ɗalibai, fam 776 duk shekara, eh zai ba ka damar NHS, wato asibitocin gwamnatin nan, amma ba za ka tashi kawai ka je wurin ƙwararre ba, sai ka yi rajista da likitan unguwa wato GP, shi zai tura ka, in bai ga alamar hatsari ba layin watanni ne wlh. In ya yi zargin kansa ne ake hanzartawa, burinsu a ba mutum amsa cikin kwana 28. Haƙori kuma da kuɗinka, samun wanda zai karɓe ka ma aiki ne. Ka haɗa wannan da sanyi da neman ɗaki da lakca, ba mama ba yaya.

Ka je asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna, ka ce likitan hanci kake so, a leƙa da kyamara a yi CT sikan, ba ɗan eksire na fuska ba. In sun ce a gutsiri nama a kai gwaji ka yarda, kar wani ya tsorata ka da cewa taɓawa ke sa shi yaɗuwa. Maganin ɗigawa a hanci na kemis ɗin nan kuma ka ajiye, in ya wuce sati shi da kansa ke ƙara toshewar. In ido ya fara ruwa ko kana ganin abu biyu-biyu, ranar za ka tafi, ba gobe ba.

Duk abin da aka samu ka karɓi hoton a faifai ko filash, ba takardar rahoto kaɗai ba, ka saka a jakar hannu tare da fasfo. Ka gaida Hajiya, kuma ka faɗa mata gaskiya, na san ka ɓoye mata.