Tambayoyinku: Da wace na'ura ake kwafe tsofaffin gem da ajiyar da ke cikinsu?

Assalamu alaikum. Yayana ya bar mini kaset-kaset na Game Boy, har da Pokémon Gold. Kwanan baya na kunna ɗaya, sai na tarar duk sebin ɗin ya goge. Me ya jawo haka, kuma me zan saya in ceci sauran? (Mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, batir ne ya mutu. Yawancin kaset na Game Boy da Game Boy Color masu riƙe ajiya, wato sebin wasa, suna da wani ɗan batir mai kamar kwabo a ciki, shi ke ba wa ma'ajiyar wuta dare da rana. Ranar da ya ƙare, ajiyar ta tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da ita. Pokémon Gold da Silver sun fi saurin cinye batir saboda akwai agogo a cikinsu da ke tafiya ko kaset yana cikin akwati, kuma tun 1999 suka fara fita a Japan. Idan ka samu wanda bai mutu ba, sa'a ka yi.

Kada ka fara da canza batir. Da zarar an cire tsohon, ajiyar za ta goge nan take. Sai an kwafe ta zuwa kwamfuta tukuna.

Na'urorin da suka dace da kai uku ne: GB Operator, GBxCart RW, da Joey Jr. Duka suna karanta kaset na Game Boy da Game Boy Color da Game Boy Advance ta wayar USB, suna fitar da gem ɗin da ajiyarsa, suna kuma iya mayar da ajiyar cikin kaset. GB Operator ta fi sauƙin sha'ani ga wanda ba ya son dogon saiti. Amma idan a cikin kayanka akwai jabu, kuma da wuya a rasa a abin da ya biyo ta kasuwanninmu, mun fi ba da shawarar GBxCart RW tare da manhajar FlashGBX, domin ta san ire-iren jabun da yawa. Wasu jabun ba su da batir sam, a cikin ma'ajiyar gem ɗin kansa suke cusa ajiyar, don haka na'urar da ba ta gane su ba sai ta ba ka fayil wanda babu komai a ciki.

Kafin ka zura kaset, goge haƙoransa da audugar goge kunne da ka ɗan jiƙa da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ka bari ya bushe. Ƙurar hunturu da ta daɗe a kan haƙoran nan ita ce ke sa a samu kwafi mai kuskure. Hura iska da baki kuwa danshi kawai take ƙarawa. Fara kwafe ajiyar kafin gem ɗin, ka yi sau biyu, sannan ka buɗe ta a manhajar buga gem ta kwamfuta ka gani da idonka cewa wasanka yana nan. Fayil ɗin ƙarami ne, galibi kilobait 8 ko 32.

Sai canjin batir. Sukurun bayan kaset na Game Boy yana son sukundireba na musamman da ake kira gamebit mai milimita 3.8, na Game Boy Advance kuma mai baki uku. Lambar batirin tana rubuce a jikinsa: CR2025 a Gold da Silver, CR1616 a wasu da dama. Nemi wanda ya zo da kunnuwan ƙarfe a manne, domin ɗora dalma mai zafi kai tsaye a jikin batir na iya fasa shi, kuma wanda aka liƙa da salatif yana motsawa ya sake goge ajiya. Kowane mai gyaran waya zai iya wannan aikin cikin 'yan mintuna, ka dai nuna masa ɓangaren da ke da alamar +. Bayan nan ka mayar da ajiyar. Wani abin lura: a Pokémon Ruby da Sapphire da Emerald batirin na agogo ne kawai, mutuwarsa ba ta taɓa ajiya.

Ina da kaset na Super Nintendo da Mega Drive da Nintendo 64. Dole sai na sayi na'ura uku? (Mai karatu daga Maraɗi)

A'a Malam, ɗaya ta isa. Retrode 2 tana da baki biyu, na Super Nintendo da na Mega Drive. Kana haɗa ta da kwamfuta za ta bayyana kamar filash, ka ja fayil ka ajiye, ba sai ka saka wata manhaja ba. Nintendo 64 kam sai ka ƙara sayen ɗan adafta da ake ɗora mata.

Ɗayar ita ce Open Source Cartridge Reader, wadda aka fi sani da sunan Sanni. Tana da ɗan allo nata, kuma a katin SD take rubutawa, ba ta buƙatar kwamfuta. Ta fi Retrode yawan injinan da take ɗauka, ga wanda ke da iri uku kamar naka ita muka fi so. Sai dai mutane daban-daban ke haɗa ta suna sayarwa, ingancin ba ɗaya ba ne, saboda haka ka tambayi mai sayarwa waɗanne bakuna ke jikinta kafin ka biya. Duka biyun daga waje ake odar su, ka haɗa da kuɗin dako a lissafi.

Inda ake yin ɓarna shi ne ƙarfin wuta. Super Nintendo da Mega Drive da Game Boy bolt 5 suke sha, Nintendo 64 da Game Boy Advance kuma 3.3. Idan na'urarka mai makunnin hannu ce, duba shi kowane lokaci kafin ka zura kaset, kuma kada ka zare kaset tana kunne. Kaset na Nintendo 64 ba wuri ɗaya suke ajiya ba: Ocarina of Time da batir yake riƙewa, Majora's Mask ba ya buƙatar batir, wasu kuma a ɗan katin da ake sakawa a hannun gem suke ajiyewa, shi ma da nasa batirin. Waɗancan kaset na "gem dubu a ɗaya" da aka cika gidaje da su, galibinsu ba su da ajiya, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Ina da shagon gem, akwai PS2 da memori da yara suka shekara suna tara wasa a ciki, da faifai na asali da suka fara karcewa. Yaya zan kwafe su? (Mai karatu daga Kano)

Naka ya fi na kowa araha, Alhaji. Memorin PS2 na asali megabait 8 ne, na PS1 kilobait 128 mai gida 15, kuma babu batir a cikinsu. Abin da ke kashe su shi ne yawan rubutu, da zare su ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiya. Masu rubutun 64MB ko 128MB a jiki ba Sony ta yi su ba, sun fi saurin lalacewa.

Samu memori mai FreeMcBoot, manhajar da ke ba PS2 damar buɗe wasu manhajoji. A cikinsa akwai uLaunchELF, manhajar kwafe fayil. Saka filash da aka yi wa fomat na FAT32, ka kwafe ajiyar daga memori zuwa filash da zaɓin psuPaste, saboda shi ke riƙe kwanan wata da alamomin fayil, waɗanda wasu gem ke ƙin karɓar ajiya idan babu su. Idan kana son hutawa gaba ɗaya, akwai MemCard PRO2 da ke ajiya a katin microSD, sai ka cire katin ka kwafe a kwamfuta.

Faifan PS1 da PS2 kuwa, na'urar DVD ta USB da aka saba gani tana karanta su. Da manhajar ImgBurn, fitar da na PS1 a matsayin fayil na BIN da CUE, domin da yawa kiɗansu yana wani sashe daban na faifan, fayil na ISO zai bar shi a baya. Na PS2 mai bayan azurfa DVD ne, ISO ya isa, mai shuɗin baya kuma CD ne, ka yi masa irin na PS1. Rage gudun karatu idan faifan ya karce. Manyan gem irin su Gran Turismo 4 sun haura gigabait 4, FAT32 ba za ta ɗauke su ba, sai exFAT ko NTFS. Faifan GameCube da Wii ba sa karantuwa a irin wannan na'ura, da Wii ɗin kanta ake kwafe su ta manhajar CleanRip. Yi aikin a laftof mai caji, kada a ɗauke wuta ka koma farko. Kwafin kayanka don ajiya muke magana, sayar da shi ko raba shi taka haƙƙin mallaka ne.

Bayan na kwafe, a ina zan ajiye, kuma yaya zan san kwafin ya fita daidai? (Mai karatu daga Kumasi)

Kowane fayil yana da lambar tantancewa, CRC32 ko SHA-1. Rumbun No-Intro yana da lambobin kaset na asali, Redump kuma na faifai. Idan taka ta yi daidai da tasu, kwafin ya fita tsaf. Idan ta saɓa, goge haƙoran ka sake. Idan sau biyu ta fito iri ɗaya amma ta ƙi dacewa da tasu, akwai yiwuwar kaset ɗin jabu ne. Ajiya ba ta da irin wannan rumbun, tunda taka kai kaɗai ke da ita, shi ya sa ake gwada ta da ido.

Kaset ba ya cin wuri: mafi girman na Game Boy Advance megabait 32 ne, na Nintendo 64 kuma 64. Faifai ne ke buƙatar had-dis. Ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a had-dis na waje, na ukun a wani gida ko a intanet. Filash da katin memori da aka jefa a durowa shekara da shekaru cikin zafi suna iya zubar da abin da ke ciki, don haka ba a dogara da su su kaɗai. Sabon filash kuma a gwada shi da manhajar H2testw kafin a zuba masa komai: tana cika shi ta sake karantawa, nan take wanda aka rubuta wa 128GB alhali cikinsa 8 ne zai tonu. Rubuta sunan gem da kwanan wata a jikin kowane fayil na ajiya, kada sabo ya hau kan tsoho.