Amsa ga Kawu kan akwatin sumo da yake ta yanke wuta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, barka da yamma, ya gajiyar gona? Na saurari saƙonka tun azahar, ina kan aiki ne shi ya sa. Ka ce akwatin sumon burtsatsen masallaci yana yanke wuta da rana tsaka, sai an jira an danna ɗan jan maɓallin nan sannan ya tashi, wani yaro kuma ya ce a kawo ya zagaye shi da waya kowa ya huta. Don Allah Kawu kar a bar shi ya taɓa. Bari in faɗi abin da ke ciki, sai ku yi hukunci da kanku.

Bayan maɓallin nan akwai wani ɗan falle siriri, bai fi farce faɗi ba. In ka gan shi ka ce ƙarfe ɗaya ne, alhali biyu ne aka manne baya da baya. Kun san kowane ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake. Ƙas-ƙas ɗin da kwanon rufi ke yi da hantsi ke nan. To amma ba daidai suke miƙewa ba. Ƙarfe na yau da kullum mai tsawon mita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, zai ƙaru da kamar milimita 1.2. Tagulla kuwa ta kusa milimita 2. Bambancin kamar ba komai ba, amma tunda an manne su ba mai iya barin ɗan'uwansa, dole fallen ya lanƙwashe.

Kawu kai ka fi ni sanin wannan. In ka ɗaura shanun huɗa, ɗaya mai zafin nama ɗaya mai nawa, ina garma take karkata? Ai wajen mai nawar. To haka fallen yake tanƙwarewa wajen ƙarfen da bai cika miƙewa ba. In wutar da sumo ke ja ta wuce ƙima, fallen ya yi zafi, ya karkata, ya ture mahaɗin wutar, shi ke nan ta yanke. Jiran da kuke yi kafin maɓallin ya yarda ya dannu, hucewa yake yi ya koma daidai. Ba lalacewa ya yi ba, aikin da aka sa shi yake yi. In an zagaye shi, zafin da yake tarewa cikin nadin wayar sumo zai tafi, can ƙasan rijiya inda ba mai gani, sai dai a wayi gari babu ruwa. Sannan a zo ana karo-karon fito da bututu da sayen sabo.

Abin da za a duba shi ne me ya sa take jan wuta da yawa. Ko janareto ne ba ya ba da cikakken ƙarfi, ko yashi ya shiga famfon yana cijewa, ko kafasito, abin da ke taimaka wa injin ya tashi, ya yi sanyi, ko wani mahaɗi ya saki. Sannan ni akwai abin da nake zargi tun zuwana na ƙarshe: akwatin nan a bangon yamma yake, rana na dukansa. A bazarar nan da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, fallen ya riga ya ɗumama tun kafin a kunna, ƙiris yake jira. A yi masa ko rumfar zana ce.

Af, da maganar mahaɗi. Na ga inda aka murɗe wayar alminiyum da ta jan ƙarfe wuri ɗaya aka naɗe da leda. Waɗannan biyun ba sa zaman lafiya in danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyum ɗin ne ke cinyewa ya yi farin gari, wurin ya riƙa zafi. Akwai kan waya na musamman da ake sayarwa, rabinsa alminiyum rabinsa jan ƙarfe, tun daga masana'anta aka haɗe su. Shi ya kamata a sa. Ba shi da wata tsada in aka kwatanta da sumo.



Yawwa. Dabarar nan tsohuwa ce fa. Wani maƙerin agogo a Ingila, John Harrison, shi ake jingina wa ita, wajen 1759, lokacin da yake neman agogon jirgin ruwa da zafi ko sanyi ba za su sa ya yi gaba ko baya ba. Yau tana cikin dutsen guga na lantarki, ƙarar ƙas da kuke ji in ya yi zafi ya kashe kansa, ita ce. Tana cikin butar lantarki, tana jikin injin firji, tana cikin bireka ta gida. Ruwan zarton yankan ƙarfe mai kyau ma biyu ne, haƙoran ƙarfe mai tauri, bayan kuma mai lanƙwasa don kar ya karye. Masu shekaru za su tuna kwabban naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007, tsakiya launi daban, gefe launi daban. Ba su yi farin jini ba, amma su ma ƙarfe biyu ne.

Sai ke Hauwa, ƙanwata, da kika ce malaminku na makarantar koyon aikin lafiya ya ambaci ƙarfe biyu a asibiti, kina tambaya ko abu ɗaya ne. Kusa ne amma a raba. Na akwatinmu manne su aka yi, kowa na nan da halinsa. Na asibiti yawanci narkar da su ake yi su gauraya su zama abu guda. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne nitinol, nikel da titaniyom kusan rabi da rabi, a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka aka gano shi wajen farkon shekarun 1960. Ko an matse shi yana komawa siffar da aka yi masa tun farko. Da shi ake saƙa 'yar raga kamar bututu, a matse ta, a zura ta cikin jijiyar jinin da ta ƙuntata, in an sake ta sai ta buɗe ta riƙe hanyar. Wayar da ake ɗaura wa haƙora don su jeru ma da yawa shi ne. Ƙugun roba da ake cewa an sa wa tsofaffi, sau da yawa kan nasa haɗin kobal ne da kuromiyom. Cikon haƙori mai launin azurfa kuwa kusan rabinsa zaiba ce, sauran azurfa da kuza da jan ƙarfe.

Ɓangaren magani, akwai cisplatin na ciwon daji, tun 1978 aka amince da shi a Amurka, amma shi ƙarfe ɗaya ne a cikinsa, filatinom. Masu bincike na gwada haɗa ƙarfe biyu a ƙwayar magani ɗaya, kamar filatinom da zinari, ko zai fi kama cutar. Wannan yana matakin gwaji ne. Saboda haka masu yawo ranar kasuwa da awarwaron jan ƙarfe da farin ƙarfe suna cewa yana saukar da hawan jini, kar Inna ta ajiye ƙwayoyinta saboda su. Awarwaro ado ne kawai.

Kawu, kafin in zo, a riƙa yin famfo da sassafe ko bayan la'asar, in ya yanke a bar shi ya huce sosai, kar a yi ta danna shi da ƙarfin tsiya. Ranar Alhamis in na taso daga kasuwar Maigatari zan biyo da mita in auna wutar da yake ja, in Allah ya yarda. A ajiye min makullin ɗakin janareto wajen ladan. A gaida su Inna.