Shin Maikurowef Na Iya Gano Sankarar Mama?

Tambaya: Likita, na ji ana ɗaukar hoton mama da igiyoyin maikurowef (wani nau'in igiyoyin rediyo) domin gano sankara. Shin zai maye gurbin mamogiram, wato hoton mama na X-ray? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Hajiya, labarin gaskiya ne, sai dai har yanzu fasahar tana matakin gwaji. Dabarar ita ce, kullutun sankara ya fi kitsen da ke kewaye da shi ruwa da jini, saboda haka yakan mayar da igiyoyin ta wata siga dabam, kwamfuta kuma ta haɗa hoto daga abin da ya dawo. A na'urar MARIA, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Biristol ta Ingila, mace takan kwanta rubda ciki ta sanya maman a wani kwano mai eriya 60, ba a matse shi, kuma ƙarfin igiyoyin bai kai na wayar salula ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, hoton bai kai na mamogiram fitowa sarai ba, kuma a mama mai tauri bambancin da ke tsakanin kullutun da naman da ke kewaye da shi yakan ragu, domin naman da ke samar da nono shi ma yana da ruwa. Idan kin ji kullutu, kada ki jira wannan na'ura. Ki je asibiti a yi miki sikanin, a ɗebi ɗan nama a gwada.