Me ya sa aka hana hawan dutsen Uluru?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wani jan dutse a Ostiraliya, an ce hukuma ta hana 'yan yawon buɗe ido hawansa saboda 'yan asalin ƙasar suna girmama shi. Shin bauta masa suke yi, irin yadda muke jin an yi wa Tsumburbura a Dala zamanin Barbushe? Kuma ta yaya tsirarun mutane suka sa gwamnati ta rufe abin da ke kawo mata kuɗi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Dutsen da ka gani shi ne Uluru, yana tsakiyar hamadar Ostiraliya. Tsayinsa mita 348, zagayensa kuma ya haura kilomita 9. Masu wurin su ne Anangu, masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, kuma kakanninsu suna wannan yanki dubban shekaru kafin Bature ya san da shi.

Kwatancenka da Dala ya yi kusa ta fuska ɗaya, wato dutse ne da jama'a suka ɗaura tarihinsu a kansa. Daga nan hanya ta rabu. Abin da tarihin Kano ya kawo shi ne wurin tsafi mai katanga, ana kai baƙaƙen dabbobi, mutum ɗaya ya shiga ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. A Uluru babu gunkin da ake yi wa yanka, babu kuma sarkin tsafi guda da kowa ke jiran bakinsa. Abin da Anangu suka riƙe suna kiransa Tjukurpa. A imaninsu, da can ƙasa shimfiɗe take babu komai a kanta, sai wasu magabata, masu siffar mutum da ta dabba a lokaci guda, suka ratsa ta. Inda suka zauna, inda suka yi faɗa, inda suka mutu, duk ya bar alama: kogo, tsaguwa, tafki. Waɗannan alamun su ne shaidar abin da ya faru, a cikin labaran kuma doka take, tun daga wanda ya halatta ka aura har zuwa yadda ake raba naman farauta.

Ga misali daga gefen kudu, wajen ruwan Mutitjulu. Kuniya, mace mai siffar mesa, ta zo daga gabas don ta ajiye ƙwanta. Sai ta ji mayaƙan Liru, macizai masu dafi, sun soki ɗan ɗan'uwanta da mashi. Ta je ta tuhumi ɗaya daga cikinsu, ya yi mata izgili, ta ɗaga sandar tonon da mata ke amfani da ita ta buge shi har lahira. Tsaguwar da ke jikin dutsen a wurin ita ce sawun wannan duka. Yarinyar da aka kai can aka ba ta labarin ta koyi inda ruwa yake, ta kuma koyi cewa mace tana da hurumin tsayawa wa jininta.

Labarin da ya shafi hawa kuwa na Mala ne. Mala wata 'yar dabba ce dangin kangaru, girmanta bai fi na zomo sosai ba. Mutanen Mala sun zo daga arewa suka fara bikin ibada, mazansu suka hau har ƙololuwa suka kafa sandar bikin. Ana cikin haka sai ga 'yan saƙo daga yamma da goron gayyata zuwa wani bikin. Mala suka ce a yi haƙuri, abin da aka fara ba a katse shi. Masu gayya suka ji haushi, suka turo musu Kurpany, wani dodo mai siffar kare, ya kashe wasu, sauran suka gudu kudu. To, hanyar da 'yan yawon buɗe ido suka riƙa bi, ita ce ainihin wadda mazan Mala suka bi. A dokar Anangu ba kowa ke taka ta ba, sai wasu dattawa, su ma sai da dalili.

Ka sani abin da na ba ka ɓawon labarin ne, wanda suka yarda baƙo da yaro su ji. Ilimin hawa-hawa ne. Akwai na maza da mata ba sa ji, akwai na mata da maza ba sa kusanta, ana kuma buɗe wa mutum gwargwadon shekarunsa da bukukuwan da ya ratsa. Shi ya sa a wasu kusurwoyin dutsen za ka ga allon hana ɗaukar hoto, don kada hoton ya je gaban idon da bai kamata ba. Ibadar kanta, wadda suke kira inma, waƙa ce da rawa, a shafe jiki da jar ƙasa da fara, ana buga sanduna. Doguwar sarewar itacen nan da ake nunawa a talabijin duk sanda aka ambaci 'yan asalin Ostiraliya, ta mutanen arewacin ƙasar ce, ba ta Anangu ba. Kuma kada ka ɗauka duka suna nan yadda kakanni suka bar su. Tun da aka buɗe mishan a Ernabella a 1937 da yawansu Kiristoci ne, suna zuwa coci suna kuma riƙe da Tjukurpa.

Sai rabin tambayarka na biyu. A 1873 wani Bature mai suna William Gosse ya iso wurin, ya laƙaba wa dutsen sunan Henry Ayers, wani babban jami'in mulki na Ostiraliya ta Kudu. Da yawon buɗe ido ya kankama, aka kafa sarƙa a jikin dutsen a 1964 don masu hawa su riƙa kamawa. Anangu suka yi ta neman ƙasarsu har ranar 26 ga Oktoba 1985, da aka miƙa musu takardar mallaka, bisa sharaɗin su ba hukumar gandun daji hayar wurin na shekara 99. Ribar da suka samu ita ce rinjaye a kwamitin da ke tafiyar da gandun.

Da wannan rinjaye ba su yi gaggawa ba, kuma a ganina nan ne dabararsu take. Allo suka kafa a gindin dutsen suna roƙon baƙo kada ya hau, suna bayyana dalili. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mutuwa: aƙalla mutum 35 sun rasu a wajen hawa, wasu faɗuwa, da yawa bugun zuciya, kuma a al'adarsu baƙon da ya mutu a ƙasarka nauyinsa yana wuyanka. Ga shi babu makewayi a sama, ruwan sama yana wanko ƙazanta zuwa tafkunan ƙasa. A hankali roƙon ya yi aiki. Masu hawa sun ragu daga kusan kashi 74 cikin ɗari na baƙi a shekarun 1990 zuwa kimanin kashi 16 a 2015. Dama tsarin gudanar da gandun ya ce idan suka gaza kashi 20 ana iya rufewa. A Nuwamba 2017 kwamitin ya kaɗa ƙuri'a baki ɗaya, aka ba da wa'adin shekara biyu, haramcin ya fara aiki ranar 26 ga Oktoba 2019, shekara 34 cif da mayar da ƙasar. A makonnin ƙarshe mutane sun yi dogon layi don su hau kafin a rufe, abin da bai yi wa masu wurin daɗi ba. Gandun kansa a buɗe yake har yau, ana zagaya dutsen a ƙafa, hawa kawai aka hana.

Uluru ya tsira ne domin duniya ta san shi, yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1987, kuma masu shi suna da takarda a hannu. Inda babu waɗannan, labarin daban ne. Wata bakwai bayan rufe hawan, a Mayun 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya fasa kogwannin dutse na Juukan a Ostiraliya ta Yamma da nakiya don ya faɗaɗa mahaƙar tama, alhali an samu shaidar zaman mutane ta shekara 46,000 a cikinsu. Dokar jihar ce ta ba shi izini. Sai da surutu ya yi yawa shugaban kamfanin da wasu manyan jami'ai biyu suka sauka daga muƙamansu.